Sunayen da Ke Bayan Littafi

Inna Dada ba ta yi sallama ba. Ta faɗo tsakar gidan kamar an jefo ta, ta sauke daron da ke kanta, ta wurga shi gaban Zahara'u. Daron ya yi ƙara a kan daɓe, ya juya, ya kife. Ko ƙwayar gyaɗa ɗaya babu a ciki.

"Ga shi nan, Malama. Ga ladan shigar da ke gidajen mutane."

Zahara'u ta tsame hannu daga ruwan wanki, ta miƙe. "Inna, lafiya? Zauna mana ki sha ruwa."

"Ba zan zauna ba. Zaman da na yi da ke can baya shi ya ja mini wannan."

Inna Dada dillaliya ce, tsohuwa, mijinta ya daɗe da rasuwa. Shekara talatin ke nan duk ranar kasuwar Gwaram ita ke sayo wa matan kulle gyaɗa, su soya, su daka, su matse mai, su toya ƙuli-ƙuli, ita kuma ta fitar musu da kayan. Babu gidan da ake hana ta shiga a garin, kuma ba a taɓa jin ta ɗauki maganar wani gida ta kai wani ba.

Ta ce da sassafe wasu mutane masu kaki suka tsaya a layin 'yan gyaɗa da takarda a hannu, suka ce su ma'aikatan Kwamitin Tattalin Gyaɗa ne. Tun da cuta ta cinye gyaɗar bara, 'yar wadda ta rage kamfanin matsar mai na birni za a kai wa, ba a yarda a ƙara sayar wa masu matsa a gida ba. Suka juye wadda ta saya a buhunsu. Wannan duk da sauƙi.

"Sai babbansu ya hau kan benci ya fara kiran suna. A'i matar Barau maƙeri. Mairama ta gidan Liman. Ɗaya bayan ɗaya, da sunan mijin kowacce, da yawan abin da take matsawa. A tsakiyar kasuwa, Zahara'u! Gaban mahauta, gaban direbobi, ana ta shewa. Matan da ko maƙwabci bai san muryarsu ba. Suka ce cikin makon nan za su bi gida gida. Barau ya bar maƙera ya tafi gida, ya ce A'i ta tattara kayanta, tunda har sunanta ya kai bakin 'yan tasha."

"Inna, ina suka sami sunayen?"

"Ni kike tambaya? Sun ce binciken jami'a ne. Gida arba'in da ɗaya. Wa ya shiga gida arba'in da ɗaya da biro a garin nan in ba ke ba? Ni na riƙe hannunki, na ce musu 'yata ce, ku saki jiki. Kuma na kasa kunne har suka gama, ban ji sunan uwarki ba. Ko ita Hapsatu ruwa take matsawa?"

Wannan ta fi kowace zafi. Kafin Zahara'u ta amsa, Inna Dada ta ɗauki daronta, ta kaɗe shi da gefen zane, ta fice.

Shekara biyu da suka wuce ne Dakta Hambali, malamin tattalin arziki a jami'a, ya zo Gwaram yana neman macen da ta iya karatu da rubutu. Yana son sanin sana'ar matan da ke cikin gida, shi kuwa namiji iyakarsa zaure. A lokacin Zahara'u ce kaɗai malama mace a firamaren garin. Wata takwas ta yi tana shiga gidaje bayan an tashi makaranta, tana zama kusa da turmi, hayaƙi na shiga idonta, tana tambaya tana rubutawa. Ya ce mata kada ta sa gidan mahaifiyarta, wai ɗan uwa ɓata bincike yake yi. Ya kuma ce ta tabbatar wa kowace mace lamba za a sa mata, sunanta ba zai fita ba. Ita kuwa ba ta tsaya a faɗa kawai ba, har rantsuwa ta yi musu.

Ta san inda yake. Makon jiya takardarsa ta iso, cewa yana gidan saukar baƙi a Birnin Kudu, yana son ganin ta kan wani sabon aiki. Har ta ware zanen da za ta ɗaura ranar. Yanzu ko kallon zanen ba ta yi ba, ta yafa mayafin da ke kan igiya, ta bar wankin a jiƙe. Ta biya shagon mijinta Sabo, wanda yake ɗinki a bakin tasha. Tun kafin ta yi magana ya ɗaga ƙafa daga kan keken, don labarin ya riga ta zuwa.

"Je ki," in ji shi. "Amma ki riƙe harshenki, manya ne."

"Harshena na riƙe wata takwas, ina rubuta na wasu."

A cikin kiya-kiya ba ta kula kowa ba. Ana aikin titi, motar tana sauka gefe tana hawa, manyan motocin siminti suna wuce su da gudu. Wani fasinja yana ta ba da labarin yadda kuɗin fetur suka cika birni, har masinja ya sayi babur. Ita fuskar A'i kawai take gani. A'i ce ta fi kowa jin tsoro ranar farko, sai da ta leƙa zaure sau biyu kafin ta yarda ta faɗi cewa rabin cefanen gidan daga turminta yake fitowa, kuma ba ta son Barau ya ji an faɗa, don kada ya ji kunya. Zahara'u ta tuna yadda ta dafa gwiwarta ta ce, "Wallahi daga ni sai takarda."

Ana kiran azahar ta isa. Farar Fijo tana fake a gindin dalbejiya. A baranda Dakta Hambali yana zaune da wani mutum mai jiki, sun sa kwalaben lemo a gaba. Da ya hango ta ya miƙe da fara'a.

"A'a, Malama Zahara'u! Ai sai jibi nake sa ranki. Malam Ƙasimu, ga wadda nake ba ka labari. Malama, wannan shi ne jami'in Kwamitin Tattalin Gyaɗa na wannan yanki."

"To, Allah ya haɗa mini ku wuri ɗaya," in ji ta. Ba ta zauna a kujerar da ya jawo mata ba. "Dakta, da bakinka ka ce mini lamba za a sa, ko ba ka ce ba?"

Fara'ar ta ragu. "Na ce. A cikin littafin ai lambobi ne."

"To wa ya ba mutanen wannan bawan Allah sunan A'i matar Barau, suka hau benci suka kira shi a kasuwar Gwaram yau da safe?"

Ya dubi Malam Ƙasimu. Malam Ƙasimu ya ajiye kwalba, ya gyara zaman hularsa. Zahara'u ta zayyana musu abin da ya faru, ba ta rage komai ba, har shewar direbobi. Tana magana muryarta na hawa, har mai gadin gidan ya leƙo ya koma.

Dakta ya shiga ɗaki da sauri, ya fito da wani littafi mai kauri, koren bango, da Turanci. Ya shiga buɗe shafuka. "Ba haka na rubuta ba. Wallahi ba haka na rubuta ba. Duba nan, ki karanta da kanki. Na ce sana'ar matan nan ita ke riƙe da gidajen Gwaram. Na ce man da suke matsawa ya fi na kamfani araha ga talaka, kuma tunkuzarsu ba ta zama shara, abinci take zama. Na ce a ba su ƙananan injinan hannu. Shafi ɗari biyu duk a kan haka ne!"

"Sunayen fa?"

Ya juya can ƙarshen littafin. Ga su nan a jere, kamar yadda ta rubuta su da hannunta, har da gidan da ta yi kuskuren harafi. "Na sa su a baya ne don in taimakon ya zo a san inda za a kai shi. In ba suna, wani zai karɓe a hanya. Alheri na nufa da su, Malama."

"Wa ka tambaya?"

"Ban gane ba."

"Da za ka yi musu alherin, wa ka tambaya a cikinsu? Ni ka tambaye ni? Ni da na ɗaga hannu na rantse a ɗaki arba'in da ɗaya?"

Malam Ƙasimu ya yi gyaran murya. "Malama, a yi haƙuri a bi abin a hankali. Ni wannan littafi yau na fara ganin sa. Abin da ofishinmu na birni ya aiko mini fallaye biyu ne. Ɗaya ya nuna yawan gyaɗar da matan Gwaram ke cinyewa a shekara, ɗaya kuma sunayensu. Aka ce ga inda gyaɗa ke zurarewa, a toshe. Kin san kamfanin nan ma'aikata ɗari uku ne zaune babu aiki, su ma da iyalinsu."

"Ranka ya daɗe, su ma'aikatan an hau benci an kira sunan matansu?"

Malam Ƙasimu ya ɗauki kwalbarsa ya kurɓi lemo.

Dakta ya zauna, ya riƙe kai. "Fallaye biyu," ya ce a hankali. "Shekara biyu ina wannan aiki, fallaye biyu suka karanta." Sai ya ɗago, kamar ya sami mafita. "Amma ki fahimta, Malama, ni aikina bincike ne. Na gano gaskiya, na rubuta, na miƙa. Abin da masu iko suka yi da ita kuma ba a hannuna yake ba."

Nan ne abin da ta riƙe tun daga Gwaram ya ƙwace mata.

"Ba a hannunka yake ba? A hannun wa yake? Kai ko ƙofar ɗakin A'i ba ka sani ba. Ba ka san tana da tabon ƙuna a nan ba, inda mai ya fallatso mata. Ba ka san Mairama da cikin wata tara ta zauna ta amsa tambayoyinka guda sittin ba, tana nishi, don kawai na ce mata abin zai amfani mata. Kai kana zaure kana shan fura, ni nake fito maka da cikin gidajen mutane a takarda. Ka kwashe ka tafi birni, aka buga, aka tafa maka. Yau ko gobe ka shiga Fijo ka koma. Ni a Gwaram zan kwana. A Gwaram zan je suna, a Gwaram zan je gaisuwar mutuwa, in zauna a tabarma ɗaya da matan nan. Uwata ma sun ce na ɓoye ta na sayar da su. Kuma kai ka ce kada in sa ta!"

Ta fizgi littafin daga kan tebur, ta buɗe farkonsa, inda ake godiya. Ya gode wa shugaban sashensu, ya gode wa wani Bature, ya gode wa matarsa da ta yi haƙuri. A layin ƙarshe ya gode wa "wata malamar makaranta" da ta taimaka wajen tattara bayanai. Ta karanta layin da ƙarfi, ta fassara shi da Hausa don kada Malam Ƙasimu ya ce bai ji ba.

"Ka ga ikon Allah. Ni da na yi aikin, ka iya ɓoye sunana. Su da aka yi wa alkawari, ka buga nasu har da na mazajensu."

Dakta ya sunkuyar da kai. Kunya ta rufe shi har wuya, kuma ta ga alamar ba ƙarya yake yi ba, da gaske bai taɓa kawo wannan a ransa ba. Hakan bai sanyaya mata zuciya ba, ƙara hura ta ya yi. Da mugu ne ma da ta san yadda za ta yi da shi.

Ta juya ga Malam Ƙasimu. "Gyaɗar da aka ƙwace wa Inna Dada fa?"

"An riga an loda, ta kama hanya."

"Dokar fa?"

"Ba ni na sa ta ba, ba ni zan cire ta ba. Daga sama ta zo."

"To abin da ke hannunka nake tambaya. Shiga gidajen da mutanenka suka ce za su yi, da kiran suna a kasuwa, shi ma daga sama aka ce a hau benci?"

Ya ɗan kaɗa ƙafa. Can ya ce, "Wannan zaƙewar yara ce. Zan hana. Ba wanda zai shiga gidan kowa, ba kuma za a sake karanta takardar ba, har in ji daga birni. Iyakar abin da zan iya ke nan."

"Rubuta mini. Na daina karɓar magana da baki."

Ya dube ta kamar zai yi fushi, sai kuma ya zaro biro daga aljihu ya rubuta layi uku, ya sa hannu. Dakta ma ya ce a daren nan zai rubuta wa ofishin birni, zai kai da kansa, zai nemi a karanta littafin duka. Malam Ƙasimu ya ɗan murmusa, irin murmushin wanda ya san inda takardu ke kwana.

Ta ninke takardar ta ɗaure a bakin mayafi, ta rungumi littafin.

"Malama, shi ke nan guda ɗaya da na zo da shi," in ji Dakta.

"Na san da haka. Maganarsu ce a ciki. Zan bi su ɗaki ɗaki in karanta musu da Hausa, duk wadda ta yarda ta buɗe mini ƙofa. Barau ma zan sa Sabo ya karanta masa, ya ji abin da aka ce game da matarsa, ko ya bar ta ta zauna."

Ya biyo ta har gindin dalbejiya. "Na yi kuskure, na yarda. Amma ki saurare ni. Aikin da na kira ki dominsa, a Fagam ne. Matan Fulani masu tallan nono da man shanu. Ba wanda ya taɓa rubuta komai a kansu, kuma ana shirin kawo madarar gwangwani ta cika kasuwa. In ba a rubuta ba, ba wanda zai san suna nan. Wannan karon ba suna ko ɗaya, na yi miki alkawari."

"Wancan karon ma ka yi."

"In kin ƙi, dole in nemi wata."

"Nemi," ta ce, ta wuce.

Bayan la'asar ta sami motar komawa. Aka matsa mata wuri kusa da wata Bafulatana mai manyan 'yan kunne, da ƙullin magani a cinya. Matar mai son hira ce. Kafin su fita gari ta riga ta faɗa mata daga asibiti take, ta kai ƙafarta da ke kumbura an duba, kuma in sun sauka a Gwaram sai ta nemi wata motar zuwa Fagam, don can rugarsu take.

Zahara'u ta juyo ta dube ta sosai. "Kina tallan nono?"

"Tun ina budurwa. Har man shanu."

"To ki ji abin da zan faɗa miki, ki kuma faɗa wa 'yan uwanki. Kwanan nan wata za ta zo rugarku, mace kamata, mai fara'a, da biro da takarda. Za ta ce daga jami'a aka aiko ta. Za ta tambaye ku shanu nawa ake tatsa, ina kuke kaiwa, wa ke saye. Ba muguwa ba ce, kada ku kore ta. Ku shimfiɗa mata tabarma, ku dama mata fura. In kun ga dama ku amsa. Amma ko ta rantse da abin da ta rantse, kada wadda ta faɗa mata sunanta, ko na mijinta."

Matar ta dubi littafin da ke cinyar Zahara'u, ta dubi tabon tawada a yatsanta. "Ke kin san ta ne?"

"Na san irinta."

Motar ta sauka gefen titi, ta yi tsalle, ta hau. Suka yi tafiya mai nisa. Fushin Zahara'u ya fara kwanciya, gajiya ta maye wurinsa. Tana tunanin ta gidan wa za ta fara, ko gidan A'i, ko wajen Inna Dada, da abin da za ta ce in an bar ta tsaye a zaure. Matar ta kwance ƙullinta, ta ɓallo goro ta miƙa mata rabi. Zahara'u ta karɓa ta yi godiya, ta ji daɗin wannan ɗan alheri fiye da yadda ta zata.

"Allah ya ba ki lafiyar ƙafar," ta ce. "Af, har mun kusa rabuwa ban tambaya ba. Yaya sunanki?"

Matar ta tauna goronta a hankali. Ta yi mata murmushi mai kyau, har wushiryarta ta fito, sannan ta juya tana kallon gonakin dawa ta taga.